Daga ƙirga kashin giwa zuwa kujerar minista: mutanen da suka kafa gandayen daji da na teku a Gabon

A farkon watan Agustan 2002 Shugaba Omar Bongo na Gabon ya tara ministocinsa a fadarsa da ke Libreville domin su saurari wasu baƙi. Baƙin nan sun fi sabawa da taɓo da ƙudan tsando a kan kafet da kujerun fada. Akwai Mike Fay, Ba'amurke, da Lee White, ɗan Birtaniya, dukansu ma'aikatan ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke birnin New York, tare da André Kamdem Toham, masani ɗan Kamaru daga ƙungiyar kare muhalli ta WWF. Suka kunna hotuna: giwaye suna tafiya a bakin teku, dorina tana wanka cikin igiyar ruwan gishiri, goggon biri zaune a wani fili da ke tsakiyar kurmi. Aka kuma baje taswira mai wurare 13 da masana suka ce sun cancanci kariya. Wasu a zauren sun ɗauka wuri ɗaya za a amince da shi a fara gani. Bongo ya ce duka yake so. Kafin watan ya ƙare ya sa hannu, ƙasar da ba ta da gandun daji na ƙasa ko ɗaya ta wayi gari da 13, sun cinye kusan kashi 11 cikin 100 na faɗin ƙasarta.

Wannan zama shi ake yawan ba da labarinsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da ke cikin labarin: me suka karanta, ta wace ƙofa suka shigo aikin, kuma ina ƙofar ta kai kowannensu. Gabon wuri ne mai kyau na duba wannan, domin a cikin shekara ashirin da ɗaya, daga 2002 zuwa 2023, kusan mutane ɗaya ne suka yi aikin kurmi suka kuma koma na teku, kuma an ga farkon abin an ga inda ya tsaya. Ƙasa ce mai mutane kaɗan, ba su kai miliyan uku ba, kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 nata, tana da gaɓar teku ta fiye da kilomita 800, ga kuma man fetur.

Masanin tsirrai da ya zama matafiyi

An haifi Mike Fay a 1956 a jihar New Jersey. Ya gama digirin farko a Jami'ar Arizona a 1978, daga nan ya shiga shirin 'yan sa-kai na gwamnatin Amurka da ake kira Peace Corps, ya yi shekara shida yana aikin tsirrai, da farko a Tunisiya, daga baya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1984 ya kama aiki da lambun binciken tsirrai na Missouri. Ganye da furanni ne suka kai shi kurmi, amma da ya shiga sai hankalinsa ya koma kan goggon biri, a kansa kuma ya yi digirin digirgir. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa gandun Nouabalé-Ndoki a arewacin Kongo Brazzaville a 1993, ya kuma riƙe shi. A nan ya koyi abubuwan da babu su a manhajar jami'a: tuƙin ƙaramin jirgin sama, ciniki da masu kamfanin katako, zaman jiran minista, biyan albashin mutane a wurin da babu banki.

A watan Satumban 1999 ya tashi daga ƙauyen Bomassa da ƙafa, ya nufi Tekun Atlantika. Bai isa ba sai Disamban 2000, bayan sama da kwana 450 da tafiyar kilomita kusan 3,200, ta cikin wuraren da ya zaɓa da gangan saboda nisansu da hanya da gari. Da gajeren wando da takalmin sandal ya yi tafiyar, domin a ganinsa takalmin sau-ciki riƙe ruwa yake yi ya ruɓar da ƙafa. Tsutsa ta shiga yatsunsa, ya riƙa naɗe su da salatif. A hannunsa akwai ɗan littafi mai ruwan ɗorawa wanda ruwa ba ya ɓatawa, yana rubuta duk abin da ya gani: tulin kashin giwa, sheƙar da biri ya kwana, kututturen icen da aka sare, kwankon harsashi, sawun ɓauna. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ba shi da daɗin kallo. Ana ƙirga kashi ne domin giwar kurmi ba ta ganuwa daga jirgin sama kamar ta fili. Idan ka san yawan tulin da ke kan layin da ka bi, da kwanakin da tuli ke yi kafin ya ruɓe, za ka iya ƙiyasta giwayen da ke wurin.

Fay bai yi tafiyar shi kaɗai ba, kuma nan ne labarin ke da wani gefe da ba a cika tsayawa a kansa ba. A zangon farko mutanen kurmi 'yan ƙabilar Bambendjele na arewacin Kongo ne suka ɗauki kayan, ɗaya yana gaba da adda yana sare hanya tun safe har la'asar. Akwai inda sarƙaƙiyar ta yi kaurin da tafiyar yini guda ba ta kai kilomita biyu ba. Da aka shiga Gabon aka sake tawaga da 'yan ƙasar, wasunsu tsofaffin masu haƙar zinariya. Biyu daga cikinsu sun ga annobar Ebola da ta faɗa wa ƙauyen Mayibout a 1996 da idonsu, bayan da mutane suka ci naman wani biri da aka tsinta matacce. Da tawagar ta ratsa kurmin Minkébé, inda aka yi kwanaki ba a ga alamar goggon biri ba, su ne suka iya faɗin abin da ya faru a yankin. Waɗannan mutane sun san wane ice ke da ruwan sha a cikinsa, sun san ƙarar reshe da giwa ta karya da wadda iska ta karya. Ba su da takardar da ke nuna sun san haka. Da tafiya ta ƙare, Fay ya zama sananne a duniya ta hanyar mujallar National Geographic, su kuma aka biya su ladan aikinsu suka koma gida. Bahaushe yana da karin magana kan irin wannan rabo, na kura da gardi, ko da yake a nan gaskiya shi ma gardin ya sha bugu: a daidai shigowar 2003 wata giwa ta kai wa Fay hari a gandun Loango, ta soke shi da haure, da ƙyar ya tsira.

Wanda ya zauna wuri ɗaya

Hanyar Lee White daban ce. An haife shi a 1965 a yankin Manchester, ya yi wani ɓangare na yarintarsa a Yuganda, ya karanta ilimin dabbobi a Landan. Kafin Gabon ya taɓa aiki a Saliyo, ya kuma yi aiki a kurmin Okomu da ke jihar Edo ta yanzu a Najeriya. A 1989 ya isa Lopé a tsakiyar Gabon domin binciken digirin digirgir na Jami'ar Edinburgh, kan yadda sarar katako ke shafar itatuwa da dabbobin kurmi. Ya tarar da tashar bincike da Caroline Tutin da Michel Fernandez suka kafa tun farkon shekarun 1980, inda kowane wata ake zagayawa ana duba itatuwa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wanne ya yi fure wanne ya yi 'ya'ya.

A dakata kaɗan a kan wannan littafin rajista, domin yana nuna wani irin aiki da ba a yi wa biki. Shekara da shekaru ma'aikatan tashar, da yawansu 'yan Gabon, suna ɗaga kai da tabarau mai hangen nesa suna cika layi a takarda. Sai a 2020 aka haɗa lissafin aka ga cewa daga 1986 zuwa 2018 yawan 'ya'yan da itatuwan Lopé ke yi ya ragu da kashi 81 cikin 100, giwayen wurin kuma sun rame a zahiri. Ana danganta abin da ɗumamar yanayi, domin wasu itatuwan ba sa fure sai dare ya yi sanyi zuwa wani mataki. Giwar da ba ta samu abinci a kurmi ba kuwa gona take nufa, kuma za mu dawo kan wannan.

White ya kafa ofishin WCS a Gabon a 1992, ya shugabance shi shekaru masu yawa. Ya koyi Faransanci, ya yi iyali, ya san manya. A 2008 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Da Omar Bongo ya rasu a 2009 ɗansa Ali ya gaje shi, sai sabon shugaban ya naɗa White shugaban hukumar gandayen daji ta ƙasa, ANPN, wadda aka kafa a 2007. Daga nan aikinsa ya tashi daga auna kaurin ice ya koma neman kasafin kuɗi, sayen motoci, ɗaukar dogaran daji da nema musu bindigogi. A 2019 aka yi abin kunyar katakon kevazingo, ice mai tsada da aka hana sarewa, lokacin da kwantena 353 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Owendo suka yi ɓatan dabo. Aka kori mataimakin shugaban ƙasa da ministan gandun daji. A watan Yuni White ya zama ministan ruwa, daji, teku da muhalli. A watan Satumban wannan shekarar Norway ta yi alkawarin biyan Gabon har dala miliyan 150 saboda kiyaye kurminta, aka fara biyan miliyan 17 a 2021.

Idan aka dubi Fay da White tare, digirinsu ne ya kai su kurmi, ya kuma sa ake sauraronsu. Amma abin da ya mayar da bincikensu doka cikin wata guda shi ne sun samu kunnen mutum ɗaya, a ƙasar da maganar mutum ɗayan nan ita ce hukunci. Ba a yi muhawara a majalisa ba, ba a zauna da ƙauyukan da iyakar gandayen ta bi ta gonakinsu da wuraren farautarsu an ji ta bakinsu yadda ya kamata ba. Saurin da ya burge duniya a 2002 bashi ne aka ci, kuma an zo an biya shi.

Mai keken guragu

Akwai ɗan Gabon da ya shigo aikin ta wata ƙofa da ba ta bi ta kurmi ko ta fada ba. Marc Ona Essangui shan inna ya kama shi yana ɗan shekara shida, a keken guragu yake yawo. Ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta a jami'ar Libreville, kuma gwagwarmayarsa ta farko ta neman haƙƙin naƙasassu ce. A 1998 ya kafa ƙungiyar Brainforest. Ba ya bin sawun giwa, aikinsa karanta yarjejeniya ne.

Gwamnatin da ta kafa gandun Ivindo a 2002 ita ce kuma bayan 'yan shekaru ta ba wani kamfanin ƙasar Sin damar haƙar tama a Belinga, tare da gina madatsar ruwa a magangarar Kongou, wadda ke cikin gandun. Har an fara fasa hanya zuwa wurin ba tare da binciken illar da za a yi wa muhalli ba. Ona da abokansa suka samo kwafin yarjejeniyar da aka ɓoye suka fallasa ta: kashi 10 cikin 100 na riba kawai Gabon za ta samu, kamfanin kuma an yafe masa haraji na shekara 25. Gwamnati ta dakatar da ƙungiyoyinsu na wani lokaci, aka hana shi fita ƙasar, a ƙarshen Disamban 2008 aka kama shi ya yi kwana 13 a tsare. An sake duba yarjejeniyar, ba a gina madatsar ba, a 2009 kuma aka ba shi lambar yabo ta Goldman ta masu kare muhalli. A 2021 UNESCO ta sa Ivindo cikin wuraren tarihi na duniya.

Bature masani da ke zaune a ƙasa da izinin gwamnati ba zai iya yin abin da Ona ya yi ba, ko da yana so. Ranar da ya buɗe baki ranar za a nuna masa hanyar filin jirgi. Ona kuwa ya daɗe yana sukar gidan Bongo, wato gidan da su White ke aiki a inuwarsa. Duk kurmi ɗaya suke karewa, amma ba lallai su zauna a tabarma ɗaya ba.

Aka koma teku

Enric Sala ɗan yankin Kataloniya ne a Sifaniya, an haife shi a 1968, ya tashi yana nutso a gaɓar Bahar Rum. Ya yi karatu a Barcelona da Marseille, ya zama farfesa a cibiyar binciken teku ta Scripps a California. Ya sha faɗin cewa wata rana ya lura aikinsa ya koma rubuta sanarwar mutuwar teku, kowace takarda da ƙarin bayani kan yadda abin ke mutuwa, ba tare da magani ba. Labarin tafiyar Fay da ya karanta na cikin abin da ya sa ya yi tunanin yin irinta a ruwa. Ya ajiye kujerar jami'a, a 2008 ya fara shirin Pristine Seas a ƙarƙashin National Geographic.

A 2012 shi da Fay suka yi makonni suna binciken ruwan Gabon. Abin da suka gani ya zo da ban mamaki: wuraren da kifi ya fi yawa su ne ƙarƙashin dandamalin haƙar mai, domin ƙarafunan sun zama gidan halittun ruwa, kuma dokar tsaro ta hana jiragen kamun kifi matsowa. Wurin da masu jan taru ke shiga kuwa sun share shi har ƙasa. Sai aka maimaita dabarar 2002. Aka gayyato Ali Bongo cikin jirgin binciken, aka nuna masa abin da na'urar ɗaukar hoto mai nutsewa ke gani a ƙasan ruwan ƙasarsa. Aka kafa shirin kare teku na Gabon Bleu, Fay masanin tsirrai ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan kamun kifi. A Nuwamban 2014 a Sydney Bongo ya yi alkawari, a Yunin 2017 a taron teku na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ya sanar da wurare 20 masu kariya, gandayen teku 9 da keɓaɓɓun ruwaye 11, kusan kashi 26 cikin 100 na ruwan ƙasar, murabba'in kilomita wajen 53,000.

Akwai abin karewa kuwa. Gaɓar Gabon, musamman Mayumba a kudu da Pongara kusa da Libreville, ita ce wurin da kunkurun teku mai bayan fata ya fi zuwa yin ƙwai a duk duniya. Binciken da aka buga a 2009 ya ƙiyasta yawan matan kunkurun tsakanin 15,000 da 41,000. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ake aikin, kuma da dare ake yi. Matasan ƙauyukan gaɓa da ɗaliban jami'a suna bin rairayi da ƙafa, kilomita da kilomita, suna ƙirga sawun da uwar ta bari kamar na tayar tarakta, su jira ta fara zuba ƙwai, lokacin ba ta kula da kowa, su auna bayanta su maƙala mata lamba. Wani lokaci su tarar da ita ta maƙale a tsakanin gumagumen katako da suka kuɓuce daga kogi teku ta watso su gaɓa. Idan rana ta fito ta same ta a nan, ta mutu. Galibin wannan aiki na kwantiragin 'yan watanni ne, kuɗinsa daga waje yake zuwa, idan kaka ta wuce kowa ya kama gabansa.

Zana layi a taswirar teku abu ne mai sauƙi, tsaron layin ne ke buƙatar jirgi da mai. A nan wani irin ma'aikaci ya shigo wanda ba masani ba ne, ba kuma jami'in gwamnati ba. Peter Hammarstedt ɗan Sweden ya shiga ƙungiyar kare halittun teku ta Sea Shepherd yana ɗan shekara 18, ya faro daga ƙaramin ma'aikacin jirgi har ya zama kyaftin. Shi ne ya bi jirgin satar kifi mai suna Thunder kwana 110 tun daga ruwan Antaktika, har jirgin ya nutse a watan Afrilun 2015 kusa da Sao Tome, maƙwabciyar Gabon. Rajistar Najeriya jirgin ke ɗauke da ita, ana cikin bin sa Najeriya ta soke ta. A 2016 Gabon ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar: su kawo jirgi da matuƙa da mai, Gabon ta zuba sojojin ruwa da masu duba kamun kifi, waɗanda su ne ke da ikon hawa jirgi su bincika su yi kamu. Da haka aka fara hawa manyan jiragen kamun tuna na Turai a tsakiyar teku ana duba abin da ke cikin tarunsu, aka kuma kama masu jan taru da ke tsallako iyaka. A cikin jirgi irin wannan za ka samu makaniki, mai dafa abinci, likita, mai ɗaukar hoto, da yawansu 'yan sa-kai. Wanda ya iya gyaran injin dizal a nan ya fi mai digiri biyu amfani.

Su kuwa masu kwalekwale, waɗanda sabuwar dokar ta fi taɓa abincinsu, akasarinsu baƙi ne daga Najeriya, Benin, Togo da Ghana, wasu an haife su a can. Ba su da ƙuri'a, muryarsu ba ta da nauyi. An yi aikin saka na'urar nuna wuri a wasu kwalekwalen domin a san inda suke kamu kafin a ja iyaka, wannan kuma ya fi abin da aka yi wa ƙauyukan kurmi a 2002.

Dogarin daji da manomi

Tsakanin minista da mai bin sawu akwai wani mataki da ƙasa ba ta tsayuwa sai da shi: malamin daji mai takardar ƙwarewa, wanda zai riƙe gandu. Gabon tana da makarantar ruwa da daji a Cap Estérias, arewa da Libreville. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci kuma tun 1970 suke tura ma'aikatansu makarantar namun daji ta Garwa a arewacin Kamaru, kamar yadda masu Ingilishi ke da Mweka a Tanzaniya, Najeriya kuma ke da tata a New Bussa. Matsalar ita ce a 2002 an haifi gandaye 13 rana ɗaya, ba a tanadi masu renonsu ba. Shekaru da dama wasu gandayen suna nan a takarda kawai.

Minkébé ce ta nuna tsadar wannan giɓi. Kurmi ne mai girman gaske a kan iyakar Kamaru, an ɗauka nisansa kaɗai ya isa ya tsare shi. Binciken da aka fitar a 2017 ya nuna daga 2004 zuwa 2014 an kashe giwaye fiye da 25,000 a wurin, wajen kashi 80 cikin 100, yawanci ta hannun masu shigowa daga tsallaken iyaka. A tsakiyar gandun ma wani sansanin haƙar zinariya ya girma ya zama gari mai dubban mutane, sai a 2011 sojoji suka tashe shi. Masu fataucin haure sukan ɗauki mafarautan ƙabilar Baka, mutanen kurmi, su ba su bindiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hukumar gandaye ita ma mutanen kurmin take nema su nuna wa dogaranta hanya. Ilimi ɗaya ne, na gane sawu da sanin inda giwa ke shan ruwa. Wanda ya riga biya, kuma ya biya a kan lokaci, shi ke samunsa. Dogarin daji kuwa da aka ɗauka domin raka masu yawon buɗe ido ya tsinci kansa yana sintirin makonni da kaya a baya, yana musayar wuta da masu manyan bindigogi.

Duk da ɓarnar Minkébé, ƙidayar 2021, wadda aka yi ta hanyar gwajin ƙwayar halitta daga kashin giwa, ta nuna Gabon na da giwayen kurmi wajen 95,000, mafi yawa a duniya. A taron ƙasashe wannan abin alfahari ne. Ga matar da ta shekara tana noman rogo da ayaba, giwa ta shigo dare ɗaya ta baje gonar, lissafin daban ne. Doka ta hana ta kashe giwar, diyya ba ta zuwa da wuri, yawon buɗe idon da aka ce zai kawo kuɗi bai kawo na a zo a gani ba, kuɗin Norway kuwa a Libreville aka ji labarinsa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ma'aikatar White ta raba shingen waya mai lantarki mai aiki da hasken rana, inda aka kafa shi kuma yana aiki, amma gonakin sun fi shingen yawa nesa ba kusa ba. A ƙauyuka aka riƙa cewa gwamnati ta fi son giwa a kan mutum, kuma fuskar da ake gani a kan wannan manufa ta Bature ce mai takardar zama ɗan ƙasa. Ko da lissafinsa na kimiyya daidai ne, ba shi da gundumar da ta zaɓe shi, ba shi da ƙauyen da zai je ya yi magana a matsayin ɗa.

A tsakiyar Agustan 2023 Gabon ta kammala wata yarjejeniya ta sauya bashin dala miliyan 500, da sharaɗin zuba wani ɓangare na rarar a kare teku, tare da ƙungiyar The Nature Conservancy. Bayan mako biyu, ranar 30 ga wata, jim kaɗan da sanar da cewa Ali Bongo ya lashe zaɓe, sojoji suka karɓe mulki a ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema. Mulkin gidan Bongo na kusan shekara 56 ya ƙare, kujerar White ta tafi da shi, daga baya ya bar ƙasar. Aka ba wani kanar na soja ma'aikatar ruwa da daji. Ba a soke gandayen ba, na tudu da na ruwa, amma kafin shekarar ta ƙare sabon shugaban ya fito fili ya goyi bayan manoman da giwaye ke yi wa ɓarna. Marc Ona, wanda gwamnatin baya ta taɓa kullewa, a watan Satumba aka naɗa shi cikin mataimakan shugaban majalisar dattawa ta riƙon ƙwarya.